Mun Je Mun Ga Duwatsun Mangu

Sa'ad da kwamitin littafin ya ce mu malaman labarin ƙasa mu rubuta labarin tafiyar da muka yi da 'yan ajin ƙarshe zuwa Ƙaramar Hukumar Mangu, da fari mun yi niyyar ba da ɗan rahoto irin wanda aka saba: mun tashi ƙarfe kaza, mun ga kaza da kaza, mun dawo lafiya. Amma da muka zauna muka yi shawara, sai muka ga idan ba mu faɗi abin da ya sa muka yi tafiyar ba, to, mun ɓoye rabin labarin. Abin kuwa da ɗan kunya a cikinsa, kunyar kuma tamu ce, ba ta yara ba.

A jarrabawar ƙarshen zango na farko mun ba su tambaya mai sauƙi. Muka ce kowa ya zana dutse mai aman wuta, ya nuna sassansa, ya kuma kawo sunan guda biyu da ya sani. Zane kam sun yi shi da kyau, har da masu shafa jan launi a bakin dutsen. Sunaye kuwa, ga Fuji na Japan, ga Basubiyus na Italiya, ga Kilimanjaro, 'yan kaɗan suka tuna da Dutsen Kamaru. A cikin takardu 46 babu ko ɗaya da ta kawo sunan wani wuri a Nijeriya. Muka ba su makinsu, gama ba su yi kuskure ba. Muna cikin shigar da makin a rajista, sai ɗayanmu ya tsaya a kan sunan wata yarinya, ya ce, "Wannan ba 'yar Kerang ba ce?" 'Yar Kerang ce kuwa. An haife ta a gindin dutse mai aman wuta, kakarta tana noma a jikinsa, ita kuma ta rubuta Fuji.

Ba mu da bakin yi mata faɗa. Mu ma haka aka koya mana a kwalejin horon malamai: taswira a bango, hoto a littafi, da sunayen ƙasashen da ba lalle mu taɓa zuwa ba. Akwai wanda a cikinmu ya bi hanyar Panyam ya fi sau ashirin a motar haya, yana hangen tuddan nan ta taga, bai taɓa tambayar kansa abin da ya sa siffarsu ta bambanta da ta sauran duwatsu ba. A nan ne muka ɗaura niyya, lalle sai yaran nan sun taka wurin da ƙafarsu kafin su bar hannunmu.

Shirin bai zo da sauƙi ba. Kowa ya san wahalar da ƙasar Mangu ta sha a rikicin 2023, da rayukan da aka rasa, da gidajen da aka ƙone. Da muka aika wa iyaye takarda, waɗansu suka ce sam 'ya'yansu ba za su je ba, ba mu kuwa ga laifinsu ba. Sai da muka tuntuɓi mutanen wurin suka tabbatar mana hanya lafiya, sa'an nan shugaban makaranta ya sa hannu. Yara 31 ne suka tafi, da malamai uku, da direba. Kayan aikinmu guduma ɗaya ce da muka aro a shagon kafinta na makaranta, da tsohon buhun shinkafa na zuba duwatsu.

Mun tashi da asuba a watan Janairu, hunturu yana kaɗawa, yara sun ƙudundune cikin suwaita da bargo. Muka ce musu sanyin nan shi ne darasi na farko. Filato tudu ne mai faɗi, tsayinsa a tsaka-tsaki wajen mita 1,280 ne bisa teku, ƙololuwar duwatsun Shere da ke gabas da Jos kuma ta kai wajen mita 1,829. Duk hawan mita 1,000 zafi yakan ragu da kamar digiri 6, shi ya sa muke rawar ɗari a nan yayin da mutanen Makurɗi suke fifita. Ruwan saman da ya sauka a kan wannan tudu kuma yakan rabu gida uku. Wani ya bi Kogin Kaduna ya faɗa Kwara, wani ya bi Gongola da ƙananan kogunan kudu ya faɗa Binuwai, wani kuma ya nufi arewa maso gabas zuwa Tafkin Cadi. Da muka ce rafin Delimi da ke ratsa Jos yana cikin masu tafiya Cadi, yaran Jos suka fashe da dariya, domin su dai sun san shi da leda da wanki ne kawai.

Tsayawarmu ta farko a gefen hanya ce bayan mun wuce Bukuru, inda manyan duwatsu suke hawa kan juna kamar wani ne ya jera su da hannu. Muka ba wani ƙaƙƙarfan yaro guduma. Ya buga sau shida kafin ɗan ɓarɓashi ya fita, gudumar har tana tartsatsi. Kowa ya riƙe ɓarɓashin ya duba. Fari ne mai ɗan ja-ja, kana iya ganin ƙwayoyinsa da ido: waɗansu kamar gilashi, waɗansu kamar madara, waɗansu baƙaƙe masu ƙyalli. Masana suna ce da shi giranit, mu dai muka riƙa kiransa farin dutse. Da can narkakke ne, amma bai fito sarari ba. A can ƙarƙashin ƙasa ya huce sannu a hankali, shi ya sa ƙwayoyinsa suka sami lokacin girma. Yawancin irinsa da ke kewayen Jos da Bukuru masana sun auna shekarunsa wajen miliyan 160.

Jerin da suka yi kuwa ba aikin kowa ba ne, ko da yake wanda ya taɓa ganin Dutsen Riyom a hanyar Akwanga zai yi wuya ya yarda. Sa'ad da dutsen yake binne ya tsattsage tsaye da kwance. Ruwa ya riƙa bin tsagar yana cin kusurwoyi, kamar yadda sabulu yake fara ƙarewa ta kusurwa, har kowane yanki ya zama mulmulalle. Daga baya ruwan sama ya kwashe ruɓaɓɓiyar ƙasar da ke tsakaninsu, ya bar su zaune a kan juna. Ƙasar da farin dutse yake bayarwa rairayi ne mai rashin ƙarfi. Acca ce take haƙuri da ita, shi ya sa kakanninmu suka riƙe ta.

Amma a cikin farin dutsen nan ne kuza take, kuma ita ce ta kai mu ga tsayawa ta biyu, kusa da Barikin Ladi. A nan akwai wani babban kududdufi, ruwansa shuɗi-shuɗi, a gefensa tulin jar ƙasa mai tsayi wadda zaizaya ta yi wa zane. Yara suka ruga da ɗaukar hoto, wani ya ce, "Malam, ga tafki mai kyau!" Kyau kam yana da shi, amma ramin haƙar kuza ne. Da farin dutse ya ruɓe, kuza mai nauyi ta taru a gindin tsofaffin rafuffuka, sai ƙasa ta rufe ta. Mutanen ƙasar nan sun san narka ta tun kafin zuwan Turawa. Kamfanonin Turawa suka shigo a farkon shekarun 1900, jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Jos a 1914, a 1943 kuma, lokacin yaƙin duniya na biyu da aka tilasta wa dubban mutane aikin haƙa, kuzar da aka fitar ta haura tan 17,000. Kasuwar kuza ta duniya ta faɗi a 1985, manyan injuna suka tsaya, ramummuka suka cika da ruwa. Ɗaruruwansu suna nan warwatse a Filato. Masu noman rani suna jan ruwansu zuwa tumatir da kabeji, wannan alheri ne. Sai dai gefensu a tsaye yake kamar bangon rijiya, ƙasansu kuma laka ce, kusan kowane ƙauye da ke kusa da su yana da labarin yaron da ya shiga wanka bai fito ba. Mun faɗa wa yaranmu wannan da kakkausar murya, muna kuma sake faɗa a nan saboda ƙannensu da za su karanta.

Bayan mun wuce garin Mangu muka nufi Panyam, sai ƙasa ta fara sake kama. Muka sa direba ya rage gudu, muka ce kowa ya dubi gefen hanya ya faɗi abin da ya canja. Wata ta ce ƙasar ta yi ja sosai. Wani ya ce duwatsun da aka tara a iyakar gonaki baƙaƙe ne. Can sai wani daga baya ya yi ihu yana nuni. Ga wani tudu tsaye shi kaɗai a fili, ba tulin duwatsu a jikinsa, gefensa sumul da busasshiyar ciyawa, kansa kamar an yanke da wuƙa. Motar ta yi tsit. Shi ne zanen da suka yi mana a jarrabawa, ba abin da ya rage sai jan launin.

A Kerang muka sauka. Yarinyar da muka ambata tun farko mai shiru ce ƙwarai a aji. A bencin baya take zama, mun kuma sha jin 'yan birni suna tsokanarta da 'yar ƙauye. A mota ma ba ta ce uffan ba. Amma da ƙafarta ta taɓa ƙasa sai ta zama wata dabam. Ita ta san hanyar da ba ta ratsa gonar kowa, ita ta gaishe da mutane da harshen Mwaghavul ta yi musu bayaninmu, ita ta kai mu gidan kakarta da ke cikin shingen ƙyarana. Tsohuwar ta fito tana murna, ta ce, "Sannunku da zuwa, malamai. Yau 'ya'yana sun cika mini gida." Muka durƙusa muka gaishe ta, muka ce, "Kaka, dutsenku muka zo gani." Da jikarta ta fassara mata cewa dutsen ya taɓa aman wuta, sai ta riƙe baki tana dariya. Ta ce, "Wuta? A dutsen nan? Tun ina yarinya ban ga ko hayaƙi a kansa ba, sai na masu ƙona ciyawa."

Duk da haka, da muka zauna muna tambayarta, sai muka tarar ta san dutsen fiye da mu. Ta ce ƙasar da ke gindinsa ba ta gajiya da wuri, dankalin Turawa da masara suna yi a nan fiye da gonar 'yar'uwarta da ta yi aure a wajen rairayi. Ta ce ko an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ba ka ganin rafi yana gangarowa daga jikin dutsen, sha yake yi. Ta ce ruwan da ya sha kuma a ƙasa yake mayar da shi, a maɓuɓɓugar da ba ta ƙafewa ko da bazara. Abu uku ta faɗa, ukun nan kuwa suna cikin littafin da muke koyarwa da shi, a babi uku dabam dabam, da Turancin da yake sa yara hamma. Muka sa kowa ya rubuta su yadda ta faɗa.

Hawan ya fi yadda muka zata wuya. Daga nesa tudun kamar ba komai, amma jikinsa tsakuwa ce sako-sako, ka taka uku ka zame ɗaya. Mu malamai mun tsaya hutawa sau uku muna fakewa da cewa bayani za mu yi. Tsakuwar ita kanta abin kallo ce. Ja ce mai duhu, wata baƙa, duk jikinta huda-huda kamar soso, ba ta da nauyi ko kaɗan. Yaron da ya sha wahala da farin dutse ya ɗauki wani ƙato da hannu ɗaya yana nuna ƙarfi. Muka tambaye su abin da yakan faru idan aka girgiza kwalbar lemo aka buɗe. Suka ce kumfa. To, wannan ma kumfa ce. Narkakken dutse yana tahowa daga ƙasa cike da iska. Da ya iso sarari sai iskar ta kumbura ta watsa shi sama, ya daskare tun yana cikin iska, ya zubo kewaye da ramin. Zubowar nan ce ta taru ta zama tudun da muke hawa. Wanda kuma bai yi kumfa ba ya malala a ƙasa kamar kunu, ya bi kwaruruka, ya daskare ya zama baƙin dutse mai nauyi da ake kira basalt. Da muka fasa shi ba mu ga ƙwayoyi ba, gama a sarari ya huce da sauri. Muka ɗora shi kusa da ɓarɓashin Bukuru a tafin hannu ɗaya, ba mu ƙara wani dogon bayani ba. Shi ne idan ya ruɓe yake ba da jar ƙasa mai ƙarfi da Kaka take yabo.

Da muka kai sama, sai ga rami a tsakiya kamar ƙwarya, gefe ɗaya a karye inda narkakken dutsen ya fasa ya fita. Iska tana kaɗawa da ƙarfi har sai ka ɗaga murya. Hazo ya hana mu ganin nesa sosai, amma abin da muka gani ya isa. Ga waɗansu tuddai irin wannan, ɗaya bayan ɗaya, kusan a layi. Muka bar yara su yi ta gardama a kan dalili, har wata ta ce ko dai tsaga ce guda ɗaya doguwa a ƙarƙashin ƙasa, wutar ta riƙa fitowa ta wurare dabam dabam a kanta. Haka ne kuwa. A littattafan masana ana kiran jerin da sunan Sura, sunan da ake kiran Mwaghavul da shi a dā. Idan aka gwada su da farin dutse, waɗannan jarirai ne. Waɗansu daga cikin baƙaƙen duwatsun Filato ba su wuce shekara miliyan 2 ba, shi ya sa ruwa da iska ba su gama ɓata siffar tuddan ba tukuna. Wanda yake so ya ga abin da yakan rage bayan an daɗe, sai ya je Wase. Dutsen Wase, mai tsaye kamar turmi a tsakiyar fili, abin da ya daskare ne a maƙogwaron wani dutse mai aman wuta. Jikin ya zaizaye ya tafi, maƙogwaron ya rage, tsuntsayen kwasakwasa suna ƙwai a kansa inda mutum ba ya kaiwa.

Da muka sauko, yarinyar ta kai mu wata maɓuɓɓuga a gindin tudu. Ruwan garau, da sanyi kamar daga randa. Ruwan sama ne da ya nutse ta cikin huda-hudar tsakuwa da tsagar baƙin dutse, yana tacewa a hanya, har ya iske dutsen da ba ya shan ruwa, sai ya nemi mafita ta gefe. A nan ne muka tambaye su inda ake ɗura ruwan kwalba na Swan da suke gani a shaguna. Babu wanda ya sani sai ita. A Kerang ne, daga ruwan duwatsun nan. Ɗaya daga cikin masu tsokanarta ya dube ta ya ce, "Ashe ruwan garinku muke saye da kuɗi?" Ta ce, "Mu kyauta muke sha." Wannan ce magana mafi tsawo da muka taɓa ji ta yi a gaban 'yan ajinsu.

Wuri na ƙarshe shi ne tafkin Pidong, kusa da Ampang. Ba ka ganinsa daga ƙasa. Sai ka hau gefen tudu, kana haki, kwatsam sai ƙasa ta buɗe a gabanka, ga ruwa can ƙasa a kewaye, shiru, ba rafin da yake shiga, ba wanda yake fita. Bakin dutse mai aman wuta ne, ruwan sama da na ƙarƙashin ƙasa suka taru a ciki. A dukan tafiyar nan ne kaɗai ba mu ce wa yara su yi shiru ba, da kansu suka yi. Ba mu bar kowa ya gangara bakin ruwan ba. Muka zauna a sama muka buɗe burodi da ƙosai.

Muna cin abinci tambayoyi biyu suka taso, su ne kuwa muka fi tunawa. Ta farko daga wata yarinya ce wadda mahaifiyarta 'yar Kamaru ce. Ta ce, "Malam, ba irin wannan tafki ne ya kashe mutane a ƙasarsu mama ba?" Tana nufin tafkin Nyos. A daren 21 ga Agusta, 1986, iska mai shaƙe numfashi, irin wadda take cikin kwalbar lemo, ta taso daga ƙasan tafkin ta gangara kwaruruka, ta kashe mutane wajen 1,700 da dabbobi dubbai, yawancinsu suna barci. Muka ga waɗansu sun ajiye burodinsu. Muka yi musu bayani cewa Nyos yana da zurfin wajen mita 200, iskar kuma tana ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashinsa, nauyin ruwan yana danne ta shekara da shekaru har ranar da ta kuɓuce. Tafkuna uku ne a duniya aka san su da tara iska haka: Nyos da Monun a Kamaru, da Kibu a iyakar Ruwanda da Kwango. Tun 2001 aka fara sa bututu a Nyos domin iskar ta riƙa fita kaɗan kaɗan. Duwatsun Filato kuwa, babu aman wutarsu ko ɗaya a rubutaccen tarihi. Suka ci gaba da cin abinci, amma mun lura sun ɗan ja baya daga gefen.

Tambaya ta biyu ta fi nauyi. Wani yaro mai hankali, ɗan fasto, ya jira sai da hayaniya ta lafa, ya ce, "Malam, a makarantar Lahadi an koya mana kwana shida. Yau tun safe kuna ta cewa miliyan kaza, miliyan kaza. Wanne za mu ɗauka?" Gaskiya mun dubi juna. Da a aji ne, da wataƙila mun ce ya rubuta miliyan a jarrabawa ya bar sauran, mu wuce. Amma a wurin nan, da dutsen a hannunsa, ba mu iya yi masa haka ba. Muka faɗa masa yadda ake samun lissafin, cewa akwai wani sinadari a cikin dutse da yake rikiɗa ya zama wani a hankali, da gudun da aka sani, masana kuma suna auna nawa ya rikiɗa nawa ya rage, kamar mai duba kyandir ya san tun yaushe aka kunna shi. Ba zato ba ne, awo ne. Muka kuma faɗa masa cewa masu bi da yawa, har da masanan duwatsu a cikinsu, sun daɗe suna tunani a kan tambayar nan ba tare da sun yar da bangaskiyarsu ko awonsu ba, kuma ba dukansu ne bakinsu ya zo ɗaya ba. Mu kanmu malamai uku da muke zaune a wurin, bakinmu bai zo ɗaya ba, mun kuwa gaya masa haka. Bai gamsu sarai ba, mun gani a fuskarsa. Ya ce zai kai wa babansa maganar da hutu, ya sa dutsen a aljihu.

A hanyar dawowa taya ta fashe mana ana gab da magariba, muka yi kusan awa ɗaya a gefen hanya, hankalinmu a tashe saboda alkawarin da muka yi wa iyaye. Waɗansu manoma da suke dawowa daga lambu suka tsaya suka taya direba, suka ƙi karɓar ko sisi. Mun iso makaranta ƙarfe takwas da rabi, muka tarar da shugaban makaranta a bakin ƙofa da tocila.

Buhun duwatsun yanzu ya koma kan kanta a ɗakin labarin ƙasa. Kafinta ya yi mana katako mai hawa uku: farin dutse a sama, baƙin dutse a tsakiya, a ƙasa kuma kwalabe uku, ɗaya da rairayin Bukuru, ɗaya da jar ƙasar Kerang, ɗaya da 'yar baƙar kuza da wani tsohon lebura ya ba mu. 'Yar Kerang ce ta rubuta sunayen da hannunta, ta ƙara da na Mwaghavul a inda ta sani. Muna roƙon tsofaffin ɗalibai da suke aiki a wurare dabam dabam, duk wanda ya zo taron shekara ya riƙo mana dutse ɗaya daga inda yake, da sunan wurin a takarda. Muna neman na Wase musamman, da na Kahwang a ƙasar Riyom, inda baƙin dutse ya tsattsage ya zama ginshiƙai masu kusurwa a jere. Can muke fatan kai 'yan ajin ƙarshe na baɗi, in Allah ya yarda, in kuma an sami kuɗin mai.

Sai dai akwai ƙara guda. Duwatsu masu huda-huda guda tara muka kawo, yanzu saura huɗu. Bincike ya nuna mana sun bi hanyar ɗakin kwanan 'yan mata, gama an gano ba abin da ya fi su goge kaushi da hunturu. Ba za mu kira sunan kowa ba. A dawo mana da babban dai, wanda yake da lamba 7 a jikinsa, kafin a tafi hutu.